Yadda zaka rike rajistar 'yan wasa a lig din hokin yara ba tare da rigima ta cinye ka ba

Idan a wajen taron iyaye aka ce maka "ai aikin ba wuya, sunaye ne kawai zaka dinga shigarwa a kwamfuta", to ka sani lallaba ka akeyi. Ni ma da wannan maganar aka kama ni, na karbi rajistar wani karamin lig na hokin kankara na yara ina ganin abun bai wuce awa daya a sati ba, sai da kakar wasa tayi nisa, ranar wata Asabar wani uba ya tare ni a bakin kofar fili yana ta tura min waya a fuska wai in kalli mai lamba 9 din can, yace wallahi yaron nan ba dan kungiyar bane, sati biyu da suka wuce ya ganshi yana bugawa 'yan rukunin da suka fi su shekaru. Nace ya kwantar da hankalinsa zan duba, a raina ina cewa zafin an ci dansa ne kawai. Na koma gida na duba, ashe mutumin nan gaskiyarsa ne. Wasa hudu yaron ya buga babu sunansa a jerin da aka amince dashi, kocin da biro yake kara sunan a kasan takardar wasa, ni kuma da ya kamata in gani tun wasan farko takardun suna nan jibge a bayan mota ko daya ban bude ba. Aka kwace makin wasa hudun, yara goma sha biyar da basu san hawa ba basu san sauka ba suka rasa shiga gasar karshen kaka, akwai iyayen da har yau in mun hadu gaisuwar sama sama ce.

Da ace na bude takardar farko ran Litinin din da ta biyo baya, da wasa daya za'a rasa ba hudu ba, kuma da kocin bai samu bakin maimaitawa ba. Kusan duk aikin nan haka yake, ana yinsa ne tun kafin a fara kaka da kuma kowane sati a teburinka, ranar da hayaniya ta tashi a filin ajiye motoci ka riga ka makara.

Fara da doka, ka karanta da idonka

Ka nemo littafin dokar hukumar da lig dinku yake karkashinta ka zauna ka karanta da kanka. Kar ka dogara da wanda ya rike aikin kafin kai, shi abinda zai gaya maka dokar shekara biyar da suka wuce ce ya gauraya da abinda ya saba yi. A Amurka USA Hockey ce uwa, tana fitar da littafin jagora duk shekara, ta raba kasar gundumomi 12 sannan ga hukumomin jihohi a karkashi. A Kanada kuma Hockey Canada ce mai rassa 13, lardin Ontario shi kadai yana da uku. To kaga kafin azo kan lig dinku an riga an hau bene biyu ko uku na doka, ku naku shine ku kara tsanani in kuna so amma baku da ikon sassauta abinda na sama suka daure.

Bayan nan sai ku rubuta naku, kuma dan Allah a takaice, shafi biyu ya isa. Wa ya cancanci wasa, wace takarda ake kawowa, wace rana ake rufe jerin sunaye, sau nawa ake aron yaro daga wata kungiya, wa ake kaiwa korafi kuma cikin awa nawa, sannan hukuncin kowane laifi a rubuce a gabansa. Wannan na karshen shi mutane suke tsallakewa, sai an kama wani sannan kwamiti ya zauna yana tunanin me za'a yi masa, kuma duk abinda aka yanke a ranar za'a ce dan wane ne shiyasa. Ba'a fafe gora ranar tafiya. Kowane koci da manaja su sa hannu akan shafi biyun nan kafin wasan farko, ka ajiye kwafi, ranar da wani yace "ni ba'a gaya min ba" sai ka turo masa hoton sa hannunsa shikenan.

Maganar shekaru

A hokin yara na kasashen nan biyu yawanci shekarar haihuwa ake kallo, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, ba ajin da yaro yake a makaranta ba, ba kuma girman jikinsa ba. Amurka suna da 8U, 10U, 12U, 14U, 16U da 18U, 'yan mata nasu yana kaiwa 19U. Kanada tun kakar 2020-21 suka ajiye tsofaffin sunayen rukunai suka koma U7, U9, U11, U13, U15, U18 da U21. Anan ne sababbi suke rudewa musamman in kungiya zata tsallaka iyaka gasa, 12U na Amurka yana nufin shekara 12 zuwa kasa, U13 na Kanada kuma kasa da 13, wato yara daya ne, a kakar 2024-25 duk biyun 'yan 2012 da 2013 ne. Ka buga jadawalin shekarun haihuwa na kakar da kuke ciki ka manna a gabanka, kar ka yarda da lissafin kai karfe goma sha daya na dare.

Takardar haihuwa ko fasfo zaka gani, na asali ko kwafi mai kyau da ake iya karantawa, ba hoton da aka dauka a karkace rabin kwanan watan ya yanke ba. Abinda iyaye suka cika a fom na intanet ba hujja bane, kuma yawancin kuskuren da zaka tarar ba ma magudi bane, uba ne ya juya rana da wata, ko ya saka shekarar kanin. Ka gyara ba tare da ka tozarta kowa ba. In an tantance sau daya aka saka alama a tsarin rajistar hukuma ba sai an sake tambaya duk shekara ba. Yaron da ya taba wasa a wata kasa kuma akwai takardar canjin sheka tsakanin hukumomin kasashen, tana daukar lokaci, ka fara nema tun ranar da iyayen suka zo.

Sai kuma masu cewa a daga dansu sama. Duk shekara sai ka samu uba ko uwa da suka tabbata dansu ya fi karfin sa'anninsa, wani lokacin ma gaskiya ne. Amma ka tuna abinda yake tsakanin 12U da 14U ba gudun wasa kadai bane, bangaza da jiki ce. USA Hockey ta cire bangaza daga 12U a kakar 2011-12, Hockey Canada ta bi sahu a 2013, bayan binciken da masana na Jami'ar Calgary suka fitar a 2010 da ya kwatanta yaran Alberta da ake bangaza da na Quebec da ba'a yi, aka ga hadarin rauni ya ninka kusan uku. Wato in ka daga dan shekara 12 zuwa rukunin sama ka jefa shi ne inda dan 14 da ya riga ya balaga yake da izinin banke shi da katangar fili. Shiyasa ba koci ne zai yanke wannan ba, ba kuma kai ba. A rubuto, wadanda basu da alaka da kungiyar su kalli yaron, iyaye su sa hannu, hukumar sama ta amince in dokarku ta bukaci haka. Ko manyan lig din matasa na Kanada da suke bawa dan shekara 15 izini na musamman ya shiga tun shekarunsa basu kai ba, irin wanda shahararren dan wasa John Tavares ya fara samu a 2005, Connor McDavid ya samu a 2012, Connor Bedard a 2020, sai da kwamiti ya tantance su, kuma a cikin shekara ashirin wadanda suka samu tsiraru ne. In wani uba ya matsa maka ka bashi wannan labarin cikin raha.

Saukar da yaro kasa da rukuninsa kuwa kusan kullum amsar a'a ce, sai dai in akwai larura kuma hukumar sama ce ta bada izini a rubuce.

Ina yake zaune

Wannan yafi na shekaru wahala nesa ba kusa ba, saboda takardar haihuwa guda daya ce amma adireshi kowa zai iya samo na goggonsa. Ba ko'ina ake da dokar iyaka ba, wasu wuraren yaro yana zuwa duk kulob din da ya dauke shi, amma a inda ake tafiya akan tsarin unguwa, kamar jihar Minnesota inda asalin tsarin shine yaro ya bugawa kungiyar yankinsu, to dole ka duba. Ka nemi hujja biyu daga wurare daban, misali takardar biyan wuta ko haya da kuma takardar makarantar yaron, ta makarantar tafi wuyar murdawa. Ka kuma rubuta tun farko yadda za'a yi da yaron da iyayensa suka rabu yana kwana nan yana kwana can, da wanda aka yi kaura dashi tsakiyar kaka, saboda wadannan sune zasu zo maka kuma bai kamata ace sai uwa ta zauna gaban kwamiti tana bada labarin mutuwar aurenta kafin danta ya hau kankara ba.

In kana ganin abun wasa ne ka tuna kungiyar yaran nan ta Chicago a wasan besbol, Jackie Robinson West, da suka ci kofin Amurka a 2014 har aka kaisu fadar shugaban kasa, a Fabrairun 2015 aka kwace kofin saboda manya sun taba taswirar iyaka sun shigo da yaran da ba 'yan yankin ba. Ba hoki bane amma ciwon daya ne, manya suka yi, yara aka cirewa suna.

Wanda zai bar wani kulob ya dawo naku ya zo da takardar sallama daga can. Sau da yawa in ka ga ana jan kafa wajen kawota bashi ne ba'a biya ba ko dakatarwa ce ake gudu, ka daga waya ka kira mai rajistar can ka tambaya, minti biyar ne.

Jerin sunaye da ranar rufewa

Dokar da zaka rike da hannu biyu itace, wanda sunansa baya kan jerin da aka amince dashi baya hawa kankara, ko atisaye ne. Ba mugunta bace, inshorar da take rufe yaro da koci da kulob tana biyo rajista ne, in yaron da ba'a yiwa rajista ba ya karye a fili zaka ga yadda kowa zai dare ya barka. Kalmar "an amince" kuma ka kula da ita, manaja ya tura sunaye daban, mai rajista ya duba ya amince daban, jerin da bai samu amincewa ba takarda ce kawai.

A dokar wasa ta USA Hockey mutum 20 ne iyaka a wasa daya, kuma wadanda ba gola ba kada su wuce 18. Kungiyoyin da suke neman zuwa gasar kasa ana rufe jerinsu 31 ga Disamba, sannan akwai sharadin yawan wasa, a bangaren maza kungiya ta buga 20 kowane yaro ya buga akalla 10 da ita, 'yan mata kuma 14 da 10. A Kanada ranar karshe ta yiwa dan wasa rajista 10 ga Fabrairu ce. Dalilin duk wadannan ranakun daya ne, kar kungiya tayi ta lallabawa duk kaka sannan ana saura sati biyu gasar karshe ta dauko zaratan yara uku daga wani wuri ta ajiye wadanda suka sha sanyin asuba tun Satumba a benci. Ko lig dinku karami ne ku saka naku ranar da naku adadin.

Ka tura tunatarwa ana saura wata daya, ka sake ana saura sati, ka sake ana gobe, kowanne ta imel yadda za'a ga kwanan wata. Ranar ta wuce kuma ta wuce. Nasan da wuya, za'a kira ka ace intanet ne ya dauke, ace manajan yayi tafiya, wani ma abokinka ne kuna shan kofi tare duk Asabar, amma ranar da ka budewa mutum daya kofa karfe goma na safen washegari ka gama, sauran duk zasu ji, kuma sai bango ya tsage kadangare yake samun wajen shiga. In akwai uzurin da kuke ganin ya cancanta, kamar yaron da rauni ya hana shi cika adadin wasanni, ku rubuta shi cikin doka tun farko harda irin takardar likitan da ake bukata, sai ya zama hakkin kowa ba alfarmar wani ba.

Manyan da suke benci suma suna cikin lissafi. A Amurka koci sai da rajista, da binciken tarihinsa, da horon SafeSport na kare yara, da takardar horon koci daidai rukunin da yake rikewa. A Kanada an yi ta amfani da kwas din Respect in Sport na mutunta juna a wasa, wanda a wurare da yawa har iyaye aka wajabta daya daga ciki yayi. Baban wani da ya shigo benci "dan ya taimaka da bude kofa kawai" in baya kan jeri ka fitar dashi cikin mutunci.

'Yan aro, inda aka fi cin amana

Aro abu ne mai kyau a asalinsa, mura ta kwantar da yara biyar, ko gola ya ji ciwo, sai a dauko daga karamar kungiya a cike. Matsalar itace kociyoyi sun gane kofa ce. A tsarin Hockey Canada ana rubuta dan aro a jeri tun kafin ya buga, wa'adin 15 ga Janairu ne, ana saka masa alamar AP a takardar wasa, kuma wasa 10 ne iyakarsa da kungiyar sama muddin tasa kungiyar bata gama kakarta ba. Rassa suna da nasu karin bayani akai, ka duba na wajenku na wannan shekarar. Ku ma in kuna rubuta naku ga abinda na ga yana aiki, aro daga kasa zuwa sama ne kawai banda daga sama zuwa kasa, kocin yaron na asali ya sani kuma ya yarda, wasan kungiyarsa shine gaba in sun ci karo, kuma dan aro cike gurbi yake yi, baza'a aro uku a ajiye 'yan gida lafiyayyu ba. Gola a bashi sassauci na daban saboda babu gola babu wasa, amma shima a rubuce, a sanar da kai kafin wasa ko da sakon waya ne.

Kirgen wasannin aro kai zaka rike, kar ka barwa koci. Ba lallai dan yana son cuta ba, mutum ne mai aiki da iyali, a wasa na tara zai rantse maka na shida ne. Jadawali daya a Excel ya isa, sunan yaro, ranar wasa, kungiyar da ta aro, in ya kai takwas ka turawa kociyoyin biyu sako.

Dakatarwa ma haka. A dokar USA Hockey wanda aka kora daga wasa baya buga wasan kungiyarsa na gaba, kuma wasan da yake kan jadawali tun lokacin da akayi laifin ake nufi, wato koci bazai kirkiro wasan sada zumunci ran Laraba dan yaron ya cinye hukuncinsa kafin babban wasan Asabar ba. Babbar kora kuma, irin ta wanda yayi ganganci da lafiyar wani, wannan sai hukuma ta duba maganar, doka ta bada kwana 30 ayi hakan. Inda ake zamewa shine gasar karshen mako a wani gari, an kori yaro a wasan karshe ran Lahadi, an dawo gida kowa yayi shiru. Ku wajabta kawo takardun duk wasan da aka buga a waje cikin awa 48, kuma a rubuta a takardar wasa cewa wane yana zaman dakatarwa, wasa na daya cikin biyu, yadda za'a iya kirgawa daga baya. Wanda ya bugu a kai shima ka dauke shi kamar wanda aka dakatar har sai takardar likita tazo, a Ontario ma doka ce, wadda ake kira dokar Rowan.

Aikin ran Litinin

Duk abinda na fada a sama in baka yin wannan to ado ne. Kowane sati ka dauki takardun wasa ka jera su da jerin da aka amince dashi, suna da suna, lamba da lamba. Abinda kake nema sunan da aka kara da hannu, lambar riga da ta canza ba bayani, yaron da ya bayyana a kungiya biyu rana daya, wanda ya kamata ace yana dakatarwa amma gashi harda cin kwallo. In kuna amfani da manhaja irin GameSheet aikin yana raguwa sosai tunda sunayen daga jeri suke fitowa, amma kar ka saki jiki, manhaja bata san fuskar yaro ba, in aka sakawa wani rigar wani ta karba. Shiyasa a wasannin karshen kaka yana da kyau wani daga lig ya tsaya kofar dakin canza kaya da jeri a hannu ana kiran suna kafin a saka hular kwano, kuma a yiwa kowace kungiya, ba wadda ake zargi kadai ba. Rafari kuma kar ka dora masa wannan kayan, shi aikinsa wasan da yake gabansa, wani ma yaro ne dan shekara 16, in akwai shakku a rubuta a takarda a buga wasa, lig ya duba daga baya.

Korafi ya zama a rubuce, daga manaja ko koci ba daga kowane uba ba, cikin awa 24 ko 48, a fadi sunan yaro ko lambarsa da dokar da ake ganin an karya. Wasu lig suna karbar kudin ajiya da ake mayarwa in korafin ya tabbata, yana rage masu korafin huce haushi. Amma ka bambance abu biyu, wa'adin korafi na kungiyoyi ne, ku lig kuna da ikon bincike duk lokacin da labari ya iso ku. Mutumin da ya tare ni a kofa bai bi ko daya daga cikin ka'idojin nan ba kuma gaskiya ya fada, da nace masa baka cika fom ba da kaina na rufawa asiri ba lig ba.

In abu ya tabbata

Kafin hukunci a saurari mutum. Tsarin USA Hockey ya tanadi kwamitin akalla mutum uku da basu da hannu a rigimar, da sanarwar akalla kwana 7 kafin zama, da damar daukaka kara, ko ba a karkashinta kuke ba wannan tsari ne da ya dace a kwaikwaya. Duk wanda dansa yake daya daga kungiyoyin, ko kungiyarsa zata amfana in aka kwace makin, ya tashi daga teburin ko shine shugaban lig. A bada hukunci a rubuce a fadi lambar dokar.

Ni a ganina nauyin ya kamata ya sauka akan manya. Kwace wasan da aka buga da wanda bai cancanta ba dole ne, in ba haka ba an zalunci daya kungiyar, amma bayan nan a bambance manajan da ya manta bai danna tura ba da kocin da ya sakawa yaro rigar wani yace in an tambaye ka kace sunanka wane. Na farko gargadi ya ishe shi, na biyu dakatarwa mai tsawo, ya kamata ma kulob dinsa su tambayi kansu ko irin mutumin da zasu barwa yara ne. Yaron kansa dan shekara 11 da aka ce saka kaya ka shiga, bai san wata doka ba, kar a kara masa komai akan wanda dokar sama ta wajabta, kar kuma a saka sunansa a sanarwa ko a guruf din iyaye na WhatsApp, a rubuta cewa kungiya kaza ta rasa wasan ranar kaza bisa doka lamba kaza ya wadatar. Screenshot daya ya isa ya bi yaro har makaranta.

Takardun da ka tara kuma amana ne, takardun haihuwa da adireshin yara dari biyu ko uku bai kamata suna yawo a wayarka ko a imel din manajoji ba. Ka gani, ka saka alamar an tantance, ka goge ko ka mayar, wanda dole a ajiye a kulle shi inda mutum biyu ko uku kadai suke iya budewa.

Da kaka ta kare kafin ka manta ka zauna ka rubuta duk inda dokarku ta barku a duhu a wannan shekarar, golan da aka aro ana saura awa daya wasa, yarinyar da take bugawa kungiyar maza da ta mata aka rasa wacce zata bi a gasar karshe, yaron da aka yi kaura dashi a Janairu, ka kai taron da ake yi kafin sabuwar kaka a gyara shafi biyun nan tun ba'a san wa abun zai shafa ba. Ka kuma hada jadawalin aro da na dakatarwar da ba'a gama cinyewa ba ka mikawa wanda zai gaje ka, domin wanda aka kora a wasan karshe na Maris yana nan da bashin wasa daya a kansa ranar da aka dawo a Satumba.